Tsohon kanti mai bene muke so mu mayar wurin masu fasaha: daga ina ake farawa?

Zanen_Alli ta rubuta:

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka san aikin gini da sha'anin haya. Mu goma sha huɗu ne a ƙungiyarmu: masu zane da fenti takwas, masu ginin yumɓu biyu, mai sassaƙa ɗaya, mai ɗaukar hoto ɗaya, sai makaɗa biyu. An yi mana tayin wani tsohon kanti, ƙasa da sama, ginin kankare da bulo na shekarun 1970. Kowane hawa mita 20 ne a tsawo, 15 a faɗi. Ƙasa wurin ciniki ne da sito a baya, sama kuma ofisoshi ne a da. Shekara takwas ke nan yana rufe. Matakala ɗaya ce, a tsakiya. Akwai tabon ruwa a silin ɗin sama, akwai tsaga a bangon baya, wayarin kuma na da ne. Mai ginin ya ce haya ta shekara biyu, gyara a kanmu.

Muna son ɗakunan aiki, da zauren baje koli da zai ɗauki mutum ɗari ranar buki, da ajin koyar da yara. Me ake fara dubawa? Me za a iya jinkirtawa? Kuma me ya fi kashe irin wannan shiri?

Awon_Igiya ya rubuta:

Wa alaikumus salam, Malama. Abin da za ki riƙe shi ne, an tsara ginin nan ne don kaya da mutane kaɗan, ku kuma za ku shigo masa da jama'a, da wuta, da ƙura, da nauyi a inda ba a shirya ba. Saboda haka a ajiye maganar fenti da ado, a fara da ruwa.

Ku hau rufin kafin komai. Gini ya yi shekara takwas a rufe, da wuya a samu indararo da bututun ruwan sama ba su toshe da ganye da ƙasa ba. Idan rufin na kankare ne shimfiɗaɗɗe, ruwan da ya kwanta zurfin santimita 10 nauyinsa kilo 100 ne a kan kowane murabba'in mita, kuma a hankali yake tsattsafowa ciki. Tabon da kika gani a silin alama ce kawai, ba lalle ne nan ruwan yake shiga ba, domin yakan bi bim ko rodi ya yi tafiyar mita da yawa kafin ya ɗigo. A cire allunan silin ɗin wurin, a haska da tocila, a bi jiƙar zuwa tushenta.

Abin tsoro a ginin kankare mai shekara hamsin shi ne tsatsar rodi. Sabon kankare yana kare rodi da kansa, amma iska tana cin wannan kariyar daga waje zuwa ciki shekara da shekaru. In ta iso rodi kuma ga laima, sai ya yi tsatsa, tsatsar ta kumbura ta ninka kaurin ƙarfen, ta tura kankaren ya ɓamɓare. Gwajin farko ba ya buƙatar inji: a ɗauki ƙaramar guduma a bi ƙarƙashin dekin da jikin filoli ana ƙwanƙwasawa. Lafiyayyen wuri yana ba da ƙara mai kaifi, wanda ya rabu da rodi kuwa sai ki ji kamar ana buga ƙwarya. A yi wa duk irin wannan wurin alama da alli. Gwaji na biyu na injiniya ne: zai fasa ɗan wuri ya fesa ruwan fenolftalin. Inda ya koma ruwan hoda kankaren na nan da ƙarfin kariyarsa, inda bai canza launi ba kariyar ta tafi. Idan farin ya kai zurfin rodi, to gyara ya zama dole ko da ido bai ga tsatsa ba tukuna. Gyaran kuma ba yaɓa siminti a kai ba ne. Sai an fasa har bayan rodin kamar santimita 2, a kankare tsatsar tas, a ƙara rodi in ya zaizaye, sannan a cike da simintin gyara. Yaɓen da aka yi a kan tsatsa ba ya daɗewa yake sake faɗowa.

Tsagar bangon baya kuma, siffarta ce za ta faɗa miki labarinta. Siririya kamar gashi da ta tsaya a filasta ba komai ba ce. Wadda ta bi layin bulo tana hawa kamar matakala, sama ya fi ƙasa buɗewa ko akasin haka, tana nuna fandisho ya zauna a gefe ɗaya, kuma sau da yawa fasasshen bututu ne ko ruwan indararo da ke zuba a gindin bango ya tausasa ƙasar. Ku auna faɗinta. In ta wuce milimita 5, kada a taɓa sai injiniya ya gani. Don a san ko har yanzu tana motsi, a manna ɗan siririn gilashi a gicciye a kanta, a rubuta kwanan wata a gefe, a duba duk bayan mako biyu har wata uku. In gilashin ya fashe, cike tsagar ɓarnar siminti ce sai an magance abin da ke ƙasa.

Yanzu nauyi, wanda nan ne masu fasaha suka fi yin kuskure. A ƙa'idar Amurka ana tsara benen ofis ya ɗauki kimanin kilo 240 a murabba'in mita, wurin taron jama'a kuwa kimanin 480, ƙaramin sito 600. Alƙaluman sauran ƙasashe ba su yi nisa da waɗannan ba. Ke nan samanku, tunda ofisoshi ne, rabin abin da taro ke buƙata aka shirya masa. Zauren baje koli ƙasa zai zauna, babu ja. Haka yumɓu: tan ɗaya da aka jibge a kan katakon ɗaukar kaya guda ya haura kilo 800 a murabba'in mita. Dutsen sassaƙa ya fi haka, domin dutse mai tauri kilo 2,700 ne a mita ɗaya ta kowane ɓangare. Duk waɗannan ƙasa.

Kuma kada birkila ya raba muku sama da bulo. Bangon bulo inci shida mai tsayin mita 3, da filasta gaba da baya, yana kai kilo 700 zuwa 800 a kowace mita ta tsawonsa, kuma a tsakiyar dekin zai zauna inda babu bim a ƙarƙashi. Bangon allon jibsam a kan firam bai kai kilo 100 ba a wannan tsawon. Rushe bango ma haka: kada a fasa ko ɗaya sai an tabbatar ba ya ɗauke da komai.

Abu na ƙarshe kafin kowa ya ɗauki guduma ko takardar goge fenti. Ginin wancan zamani akwai yiwuwar asbesto, wani ma'adini mai zare-zare da ƙurarsa ke cutar da huhu, a allunan silin, da kwanon rufi na siminti, da tayil ɗin roba na ƙasa har da baƙin gam ɗin da aka manna shi. Ingila ba ta haramta shi gaba ɗaya ba sai 1999, wasu ƙasashen ma har yau ba su yi ba. In yana zaune lafiya ba a taɓa shi ba, haɗarinsa kaɗan ne. Fasawa, hudawa da gogewa ne ke sakin ƙurar, cutar huhun kuma sai bayan shekara 20 zuwa 40 take bayyana. A kai samfuri ɗakin gwaji. Tsohon fenti kuma a gwada shi don dalma, musamman na ƙofofi da tagogi, tunda kun ce za ku kawo yara. Ba a goge fentin dalma a bushe, ba a ƙona shi da wuta.

Ƙofar_Fita ya rubuta:

Injiniya Awon_Igiya ya gama da kankare. Ni abin da ya tsaya mini a rai shi ne matakala ɗaya da mutum ɗari.

Ranar 2 ga Disamba 2016 gobara ta tashi a wani tsohon sito da ake kira Ghost Ship a Okland ta jihar Kalifoniya, wanda masu fasaha suka mayar wurin zama da aiki. Mutum 36 suka rasu, kuma hayaƙi ne ya kashe su. Ana kiɗa ne a hawan sama, matakalar da aka fi bi da katakan ɗaukar kaya aka harhaɗa ta, ƙasa cike da kayan katako ba hanya miƙaƙƙiya, babu mayayyafin ruwa na silin, wutar lantarki kuma jone-jone ce. A takarda wurin sito ne, ba a taɓa canza masa izini ba. Duk mai shirin irin naku ya kamata ya san wannan labarin tun kafin ya sa hannu a takarda.

Don haka matakin farko a nan shi ne neman izinin canza amfanin gini daga hukumar tsara gari, tare da jami'an kashe gobara. Ku je musu da zane tun kafin ku fara aiki. Su ba sa lissafi da adadin da kuka ce za ku gayyata, da faɗin ɗaki suke lissafi. A ƙa'idar Amurka, ɗakin da aka jera kujeru ana ba kowane mutum murabba'in mita 0.65, don haka zaure mai murabba'in mita 120 mutum 185 ne a wurinsu, ko da ku ɗari kuke nufi. Da zarar ɗaki ya kai mutum 50, ƙofar fita biyu ake nema, masu buɗewa waje, kuma a nesa da juna aƙalla rabin tsawon ginin daga kusurwa zuwa kusurwa. Naku 20 da 15 ne, kusurwa zuwa kusurwa mita 25, ke nan tazarar ƙofofin ba za ta gaza mita 12 da rabi ba. Dalilin a fili yake: ƙofa biyu a jere hayaƙi ɗaya ne zai tare su. Alƙaluman ƙasarku su ne abin bi, amma hikimar ɗaya ce ko'ina.

Ƙofar ƙarfe ta kanti da ake naɗewa sama ba a ƙirga ta a ƙofar fita. Ƙofar sito ta baya da ke da kwaɗo ita ma haka, sai an sa mata hannun da ake turawa daga ciki ba tare da makulli ba. Faɗin ƙofa a buɗe kada ya gaza santimita 81, lungu kuma santimita 112, kuma lungun nan ba ma'ajiyar firam da gwangwanayen fenti ba ne, ko na dare ɗaya.

Matakalar tsakiya a buɗe bututun hayaƙi ce. Wuta ta tashi a ƙasa, cikin 'yan mintuna hayaƙin ya cika ta, na sama sun rasa hanya. A kewaye ta da bangon da zai jure wuta awa ɗaya, da ƙofofi masu rufe kansu a sama da ƙasa, kuma kada a tokare su da dutse don shan iska. Sannan a yi ta biyu, ta ƙarfe a waje, a ɓangaren da ya fi nisa. Kafin a yi ta, shawarata kada baƙo ko yaro ya hau sama. Ajin yara ƙasa, kusa da ƙofa. In tagogin sama suna da ƙarafa, a mayar da wasu masu buɗewa daga ciki.

Na'urorin jin hayaƙi a haɗa su da juna, ta yadda ta sito in ta yi ƙara ta sama ma za ta yi. A ɗakin tanderun gasa yumɓu da wurin ƙura a sa mai jin zafi, don mai jin hayaƙi za ta riƙa ƙarar banza har wani ya cire batirinta. Fitilun gaggawa su iya minti 90 bayan ɗaukewar wuta. Tukwanen kashe gobara kuma kada mutum ya yi tafiyar da ta wuce mita 23 kafin ya kai ga ɗaya, kuma a sa mai iskar kabon kusa da allon wuta, don ba a zuba wa lantarki ruwa.

Wayarin kuwa, ku ɗauka sabo za a yi. Mai aikin wuta ya gwada rigar wayoyin da na'ura a kan bolt 500. Abin da ya gaza megaohm ɗaya, ma'aunin ƙarfin rigar waya na tare wuta, ya faɗi. Ko ya tsallake, an ja shi ne don fitilu da injin lissafin kuɗi. Kowane layin soket ya samu bireka mai yankewa a miliamp 30, wadda ke kare mutum daga jan wuta. Ku yawaita soket, ɗaya duk mita biyu a bangon aiki, domin ƙarancin soket ne ke haifar da jone-jone. Tanderun yumɓu matsakaici yana cin kilowat 11, kamar amp 48, kuma yana jan su awanni a jere, saboda haka layinsa daban, kuma ana ƙara kashi 25 cikin ɗari a lissafin waya da bireka: amp 60 ke nan. Ku sa masa mitarsa, in ba haka ba rigimar kuɗin wuta za ta raba ƙungiyar.

Ga wani abu da masu fentin mai ya kamata su sani. Tsumman da ya jiƙe da man linsid, wanda ake haɗa fentin mai da shi, yana ɗaukar zafi da kansa yayin bushewa, in an dunƙule shi a kwandon shara yana iya kama wuta cikin dare ba ashana. Bokitin ƙarfe mai murfi da ruwa a ciki, a kowane ɗaki, a kwashe kullum.

Uwar_Yumɓu ta rubuta:

'Yar'uwa, tun ran gini ran zane. Ki raba mutanenki gida uku tun a takarda: masu aiki mai tsabta, masu ƙura da ruwa, da masu ƙara. Mai hoto da masu zane a sama, yumɓu da sassaƙa a ƙasa ta baya, makaɗa a tsohon sito. Ƙurar sassaƙa in ta sauka a kan ɗanyen fentin mai, aikin mako guda ya lalace.

Hasken taga yana shiga ɗaki kamar ninki biyu na tsayin saman tagar, wato in samanta mita 2.7 ne daga ƙasa, kusan mita 5 da rabi za ki samu na haske mai amfani. Faɗin mita 15 da tagogi gefe biyu zai bar miki kamar mita huɗu masu duhu a tsakiya, nan ne wurin lungu da ma'ajiya. A arewacin duniya masu zane tagar arewa suke nema, don haskenta ba ya sauyawa sosai daga safe zuwa yamma. Yana cikin dalilan da suka sa masana'antar 798 ta Beijin, da aka gina a shekarun 1950 da rufi mai haƙoran zarto da tagogi masu kallon arewa, ta ja masu fasaha. Kusa da tsakiyar duniya kuwa, tagar gabas da ta yamma ce matsala, su za a yi wa rumfa ko farin labule. Bangon da ke tsakanin masu zane a tsayar da shi a mita 2.4, kada ya kai silin, haske da iska su riƙa ratsawa. Fitilu kuma a sayi masu nuna launi da maki 90 ko fiye, masu fari tsakanin kelbin 4,000 da 5,000 a ma'aunin launin haske, duk iri ɗaya. Ƙarfin haske, da ake aunawa da luks, ya kasance 500 zuwa 750 a wurin aiki. A zaure a rage: aikin takarda da fentin ruwa luks 50, fentin mai 200, in ba haka ba launi ya koɗe.

Bangon zaure a sa katakon filawud milimita 12 a bayan allon jibsam, ta yadda duk inda aka ɗaura kusa zai riƙe.

Iska ita ce abin da aka fi rainawa. Na'urar sanyaya ɗaki juya iskar ciki kawai take yi, ba ta fitar da tururin tina. Tururin nan ya fi iska nauyi, ƙasa yake kwanciya, don haka fankar fitarwa a sa ta ƙasa-ƙasa, kusa da teburin aiki, a kuma bar mashigar sabuwar iska a ɗaya gefen. Fanka ba mashiga ƙara kawai take yi. Bakin fitarwar ya nisanci kowace taga da aƙalla mita 3, kada ya koma ɗakin wani.

A ɗakin yumɓu ba a shara da tsintsiya. Busasshiyar ƙurar yumɓu tana ɗauke da silika, sinadarin yashi, tana daɗewa a iska, kuma lahaninta a huhu ba ya warkewa. Goge ƙasa da jiƙaƙƙen tsumma, kullum. Ƙarƙashin wurin wanke hannu a sa matarar laka, kafin ita ma a fara ɗauraye hannu da kayan aiki a bokiti biyu. Laka tana kwanciya a bututu ta toshe shi, farar hodar zubi kuwa daskarewa take yi a ciki kamar dutse, sai dai a fasa ƙasa. Tanderu yana kai digiri 1,200 zuwa 1,300: tazarar santimita 45 daga kowane bango, a kan kankare, da bututun fitar da hayaƙinsa waje.

Laima a riƙe ta tsakanin kashi 40 zuwa 60. Ta haura 70 ta daɗe, funfuna za ta ci takarda da zane. Kafin ku shimfiɗa komai a ƙasa, ku manna leda mai santimita 45 kowane gefe da salatif a kan kankaren, ku bar ta kwana ɗaya. In kun ɗaga kun ga raɓa ko wurin ya yi duhu, danshi na tasowa daga ƙasa, kuma duk fenti ko kafet da aka sa zai ɓare.

Maganar makaɗa: soso da kwalin ƙwai ba sa hana ƙara fita, amsa-kuwwar cikin ɗaki kawai suke ragewa. Nauyi ne ke tare ƙara, da rata, da toshe kafa. Ninka nauyin bango desibel 5 zuwa 6 kawai yake ƙara tarewa a ma'aunin ƙara, ganguna kuwa suna haura 100. Don haka a gina ɗaki cikin ɗaki: sabon firam da bai taɓa tsohon bangon ba, ratar santimita 5, audugar dutse a tsakani, allon jibsam biyu a kai, silin ma haka, ƙofa biyu masu nauyi da roba a gefuna. Kusa ɗaya da ta haɗa sabon bango da tsohon tana kai ƙarar cikin kankare har sama. Kuma kada a manta da bututun iska mai lanƙwasa, domin ɗakin da ƙara ba ta fita iska ma ba ta shiga.

Ku auna kwanar matakala kafin ku ba mai manyan zanuka ɗaki a sama. A bakin ƙofa kuma a yi gangara don keken guragu, ɗaya cikin sha biyu: tudun santimita 15 yana son gangarar mita 1.8.

Mai_Takarda ya rubuta:

Duk abin da aka faɗa daidai ne, amma Injiniya ka yi mini afuwa, ni ba zan fara da rufi ba. Da takarda zan fara. Shekara biyu, gyara a kanku, wannan shi ne kura da shan bugu gardi da karɓar kuɗi. Malama, amsar tambayarki ta ƙarshe ke nan: haya gajera ce ta fi kashe irin wannan shiri.

Lissafin mai sauƙi ne. Kowane 120 da kuka kashe a gyara, in hayar wata 24 ce, 5 ne a wata. In ta shekara goma ce, 1 ne a wata. Kuma wata shida zuwa tara na farko a aiki za su tafi ba mai biyan ku komai. Tarihi ma ya nuna hakan. Ƙungiyar SPACE, mai samar wa masu fasaha ɗakunan aiki, da masu zane Bridget Riley da Peter Sedgley suka kafa a Landan a 1968, ta fara ne a tsohon sito a St Katharine Docks, bayan kamar shekara biyu aka karɓi wurin don sabon gini. A unguwar SoHo ta Niyok masu fasaha ne suka raya tsofaffin benayen masana'antu a shekarun 1960 da 1970, da unguwar ta yi daraja haya ta kori da yawansu. Waɗanda suka daɗe, ki duba, akwai abin da ya riƙe su ta fuskar mallaka. Cibiyar fasaha ta Torpedo Factory ta Alexandria a jihar Bajiniya tana nan tun 1974, ginin kuwa na hukumar birnin ne. Acme ta Landan, ita ma mai samar wa masu fasaha ɗakunan aiki, da aka kafa a 1972, da gajeriyar haya ta fara, daga baya ta koma sayen gine-gine da dogon zango.

Hanya biyu ce. Ko ku nemi shekara goma, ko aƙalla biyar da haƙƙin sabuntawa a hannunku, ko ku yarda da gajeriyar amma ku ƙi kashe kuɗi. Shirin Renew Newcastle na Ostareliya da aka fara a 2008 haka ya yi: izinin kwana 30 mai sabunta kansa a shagunan da ba kowa, ba babban gyara, kayan da za a iya kwashewa. A irin wannan tsarin ku yi amfani da ƙasa kawai, mutum ƙasa da 50, ba tanderu, ba ɗakin kiɗa. Haɗa gajeriyar haya da babban gyara ne ba ya yiwuwa.

A yarjejeniyar, rufi da fandisho da filoli da asbesto su zauna a wuyan mai gini, ko a cire kuɗinsu daga haya a rubuce. A ɗauki hoton kowane lungu da kwanan wata, ɓangarorin biyu su sa hannu, don kada ranar fita a ce ku mayar da ginin yanayin da bai taɓa kasancewa ba. A rubuta izinin ba wa mambobi haya, da izinin taron jama'a da koyarwa, da yadda za a ƙara haya da kuma yaushe, da cewa yarjejeniyar tana bin ginin ko an sayar, kuma ku za a fara yi wa tayi. A ƙara sharaɗin cewa in hukuma ta hana izinin canza amfani, kun fita ba bashi. Ƙungiya mai rajista ce za ta sa hannu, ba mutum ɗaya ba. Kamfanin inshora kuma a faɗa masa akwai tanderu da tina da yara, don abin da aka ɓoye shi ne hujjarsu ta ƙin biya.

Sai lissafin fili. Murabba'in mita 600 kuke haya. Cire zaure 120, aji 40, matakala da lunguna da banɗakuna kamar 100, saura 340. Ku ɗauka kashi 85 ne za su kasance da mai biya a kowane lokaci, 289 ke nan. Wato kowace mita ta ɗakin aiki za ta ɗauki hayar fiye da mita biyu, kafin wuta da ruwa da inshora da mai shara. In mambobi ba za su iya wannan ba, yanzu ne lokacin sani. A kuɗin gyara kuma a ware kashi 20 don abin da zai fito bayan an buɗe silin.

Zanen_Alli ta rubuta:

Allah Ya saka muku da alheri. Za mu koma wa mai ginin da maganar shekara goma. Tambaya ɗaya, Injiniya: silin ɗin ƙasa yana da tsayi, mita 4.2. Mai sassaƙarmu yana son ya rataya ƙugiyar ɗaga dutse a jikin dekin, wasu kuma suna son ƙaramin bene na katako a sito don ajiya. Yana yiwuwa?

Awon_Igiya ya rubuta:

Malam Mai_Takarda ya yi gaskiya, a samu alƙawarin haya a rubuce kafin a biya kuɗin cikakken bincike, amma a sa sharaɗin cewa sai sakamakon binciken ya yi kyau.

Ƙugiya a jikin dekin, a'a, Malama. An tsara shi ya ɗauki nauyi a baje daga sama, ba a tattare a wuri ɗaya daga ƙasa ba, kuma fizgar ɗagawa tana ƙara wa nauyin dutsen. Huda shi ba tare da na'urar gano rodi ba kan yanke rodin ma. A ƙera masa firam na ƙarfe mai ƙafafu da taya wanda ke tsaye a ƙasa, a rubuta iyakar nauyinsa a jiki da fenti.

Ƙaramin benen kuma tsayin bai isa mutane sama da ƙasa ba. Cire santimita 25 na kaurinsa daga 4.2, saura 3.95, in kin bar 2.2 a ƙasa, sama 1.75 ne. Na ajiya kawai zai yi. Ya tsaya da ƙafafunsa a ƙasa, kada a jingina shi da bulon bangon baya mai tsaga, a lissafa shi a kan kilo 600 a murabba'in mita tunda ma'ajiya cika take yi, a sa masa shinge mai tsayin mita 1.1 da na'urar jin hayaƙi a ƙarƙashinsa. Kuma a saka shi cikin zanen da za ku kai wa hukuma tun yanzu, don ƙarin fili ne a lissafinsu.